Tallar Caca a Takardar Sauka

Ranar da Nasrullahi ya fara ɗora ido a kan Ni'imatu, dukan firinta ya same ta tana yi da tafin hannu, tana yi mata faɗa kamar ƙanwar da ta ƙi zuwa aike.

"Yau ko ni ko ke," take cewa. "Tun safe kike ja mini rai."

Ɗan shagonta na buga takardu da yin kwafi yana kan hanyar tashar mota a Gumel. Shi kuwa mai gyaran kwamfuta ne daga Maigatari, kwafin takardun babur ɗinsa kawai ya shigo yi. Sai da ya yi sallama sau biyu kafin ta ji.

"Baiwar Allah, laifin me ta yi har ya kai ga duka?"

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa. Dogo ne baƙi, da 'yar jaka a kafaɗa, kan sukuddireba ya leƙo daga aljihun rigarsa. Ta ce, "In kwafi ka zo yi, ka jira. In ceto ka zo, ka makara."

Ya yi dariya. "A ba ni minti biyar da ita. In na kasa, a haɗa da ni a dukan."

Ta matsa masa, ba don ta yarda da shi ba, sai don hannunta ya fara zafi. Ya buɗe bayan firintar, ya zaro wata takarda da ta cukuikuye da ɗan ƙarfen maƙala takardu a jikinta. Ya rufe, ya danna, sai ga takarda ta fito fes.

"Ba taurin kai gare ta ba," ya ce. "Abu ne ya maƙale mata a wuya."

Ni'imatu ta so ta ɗaure fuska, murmushi ya ci amanarta. Ta yi masa kwafinsa, shi kuma ya rubuta lambar wayarsa a bayan takardar da ya zaro, wai ko da firintar za ta sake. Firinta dai ba ta sake ba sai bayan wata huɗu, amma lambar ta yi aiki tun a satin.

Kowace Alhamis, in ya gama da 'yan kasuwar Maigatari da wayoyinsu da kwamfutocinsu, sai ya kamo hanyar Gumel kafin la'asar. Tun yana neman dalili, yau ya zo duba tawada, gobe ya zo share ƙurar inji, har ya daina wahalar da kansa. Sauran kwanakin kuwa saƙonni ne ke tafiya.

"Ni'imata, yau na gyara kwamfuta bakwai, amma tawa zuciyar ta ƙi tashi sai ta ji muryarki."

"Injiniyana, ka kashe ta ka sake kunnawa. Ai haka kake ce wa kowa."

"Na gwada. Da ta tashi sunanki ta fara nunawa."

Ta kan karanta irin wannan sau uku, ta kifa wayar a cinya tana dariya ita kaɗai. Tana son sa, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba.

Sai dai wanda ya san Ni'imatu ya san abu ɗaya: ba ta barin ta kwana. In ka yi mata alheri za ta riƙe shi shekara goma, in ka taka ta kuwa, ko a layin ɗiban ruwa ne, sai ta rama kafin hankalinta ya kwanta. Mahaifiyarta ta yi faɗan har ta gaji.

Mahaifinta, Malam Ilu, malamin Alƙur'ani ne da ake kawo masa ɗalibai daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mutum ne mai tsantseni, kuma bai cika yarda da abin da ba ya iya gani da idonsa ba. Da aka gaya masa maganar Nasrullahi, bai yi saurin amincewa ba.

"Yaron da kullum hannunsa yana cikin wayoyin mutane," ya ce. "Wa ya san abin da yake gani, wa ya san abin da yake sakawa? Zan bincika. Kada ya turo kowa tukuna."

Akwai kuma Abdulƙahhar, ɗan ƙanin Malam, wanda tun suna yara ya sa a ransa cewa Ni'imatu tasa ce, ba tare da ya taɓa tambayarta ba. Ba ya aikin fari balle na baƙi, sai guga da turare. Kullum yana shagon, ya zauna a kujerar masu jira yana shan iskar fanka, in ta tafi gida salla ko cin abinci ya ce zai tsare mata. Duk ranar Alhamis kuwa fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa.

"Wai wannan ɗan bodar Maigatari ba shi da shago ne?" ya kan ce. "Kullum yana nan."

"Kamar kai ke nan, Yaya Abdul," in ji Ni'imatu, ba ta ko ɗago kai ba.

A shekarar ne ɗalibai talatin da bakwai za su yi sauka a makarantar Malam, taron da bai taɓa yin irinsa ba. Ni'imatu ce ta ba shi shawarar a ba kowane ɗalibi takardar shaida mai ado, da sunansa da na mahaifinsa da Larabci. Da ƙyar Malam ya yarda. Wani mai zane a Kano ya tsara takardun ya ɗora su a intanet, ya turo mata adireshin da za ta buɗe ta buga.

Alhamis ɗin da ta gabaci walimar, Nasrullahi ya zo ya sabunta manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira direba. Ya gwada takarda ɗaya ta fito lafiya. Ya ce, "Aikin Baba ne, ba na son a sami ko ɗigon matsala."

Ranar Asabar da yamma ta zauna bugawa, walima kuma Lahadi da safe. Ta buɗe takardun a burauza, wato manhajar shiga intanet, komai tsaf a fuskar kwamfuta. Ta danna bugawa, sai firinta ta yi shiru. Ta jira, ta jira, wani akwatin da ba ta saba gani ba ya fito ya ɓace, sannan injin ya fara gurnani kamar mai ciwon ciki. Ana cikin haka aka kira ta daga gida, an jiƙa shinkafar waina, mata sun cika tsakar gida, ana neman hannu.

"Je ki abinki," in ji Abdulƙahhar. "Suna fitowa zan zuba su a ambulan, in liƙe, in kai wa Baba."

Ta yi masa godiya har da addu'a. Daga baya, duk lokacin da ta tuna wannan addu'ar sai ta ji kamar ta ciji yatsa.

Da safe aka cika ƙofar gidan Malam. Iyaye sun zo da manyan riguna, malamai sun jeru a kan darduma, mata suna leƙe daga zaure. Aka yi karatu, aka yi addu'a, Malam ya miƙa wa kowane uba ambulan da hannunsa. Wani dattijo daga Gagarawa ne ya fara buɗe nasa. Ya duba sama ya yi murmushi, ya duba ƙasa murmushin ya ɗauke. Ya miƙa wa na kusa da shi.

A ƙasan kowace takarda, daidai ƙarƙashin inda Malam ya kamata ya sa hatimi, akwai jan layi da hoton ƙwallo da tarin kuɗi, da rubutun Turanci mai kiran mutane su zo su yi caca su ci rabonsu.

Wurin ya ɗauki ƙus-ƙus. Malam ya karɓi takarda ɗaya, wani ya karanta masa ya fassara. Tsohon da ya shekara arba'in yana hana yara ko wasan langa mai sa rantsuwa, yau ga tallar caca a takardar saukarsa.

"Subhanallahi!" Muryar Abdulƙahhar ce ta fito sama da ta kowa. "Ai na faɗa. Ranar Alhamis wannan yaron na Maigatari ya zo ya yi ta danne-danne a injin. Irinsu ai biyansu ake yi su saka wa mutane waɗannan abubuwa."

Nasrullahi yana nan a gefe, ya zo da sabuwar shadda don Malam ya gan shi cikin mutane. Duk idanu suka koma kansa. Ya buɗe baki zai yi magana, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Kai ne ka taɓa injin?"

"Ni ne, Malam, amma..."

"Ya isa. Tashi ka bar ƙofar gidana. Kada ka sake tako ta, kada kuma in ji sunanka a bakin 'yata."

Iyaye suka naɗe takardunsu suka tafi da su, labarin kuma ya riga su isa gida.

Ni'imatu ta ga hawaye a idon mahaifinta ranar, abin da ba ta taɓa gani ba. Zuciya ta ɗebe ta. Ba ta tsaya tambaya ba, ba ta ɗaga kiran Nasrullahi ba, ko da ya kira sau tara. Ta tattara turaren da ya ba ta da gyalen da ya sayo mata daga Damagaram ta ba direban motar Maigatari ya kai masa. Wannan bai ishe ta ba. Akwai zauren hira na waya da masu shagunan buga takardu na yankin suke ciki, su kusan sittin, mafi yawansu Nasrullahi ne ke yi musu gyara. Ta danna ta ɗauki muryarta minti biyu da rabi, ta faɗi sunansa da garinsu, ta ce duk mai son mutuncinsa kada ya bar shi ya taɓa masa inji.

Sannan ta tura masa saƙo: "Ka kunyata mahaifina a gaban duniya. Wallahi sai ka ɗanɗana abin da ya ɗanɗana."

Amsarsa gajera ce: "Ban yi ba, Ni'ima. Allah ya sani."

Ya kuwa ɗanɗana. Cikin sati biyu aiki ya tsaya masa cak. Wanda ya ba shi kwamfuta ya aiko a karɓo, wanda ya saba kiransa ya koma kiran wani. A masallacin unguwarsu ma sai ya ga ana nuna shi da baki. Ni'imatu tana jin labarin, tana cewa a ranta ya yi daidai, amma abinci ya daina yi mata daɗi.

Shi kuwa Abdulƙahhar sai ya ƙara yawan turare. Har ya fara aika mahaifinsa wurin Malam da maganar zumunci.

Ni'imatu ta kira wani mai gyara daga cikin gari ta ce ya goge duk abin da Nasrullahi ya saka. Ya cire direban firintar ya sa tsohon, ya canja wayar da ke haɗa su, ya busa iska a ko'ina. Ta buɗe takardar sauka ta buga. Firinta ta yi shirunta, baƙon akwatin ya fito ya ɓace, sai ga jan layi da ƙwallo, kamar yana yi mata gwalo.

Mai gyaran ya sosa ƙeya. "Hajiya, na cire nasa kaf. Wannan ba daga aikinsa ba ne."

A nan ne gabanta ya faɗi. Ta zauna ta daɗe tana kallon takardar. Girman kai ya ce kada ta yi, amma son sanin gaskiya ya fi ƙarfi. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Nasrullahi.

"An cire duk abin da ka saka, tallar ba ta daina fitowa ba."

Sai bayan azahar ya amsa, babu gaisuwa, babu Ni'imata. "Ki rubuta wani abu a manhajar rubutu ki buga daga can. Kada ki bi ta burauza."

Ta yi. Takarda ta fito nan take, fara tas.

"Ta fito lafiya."

"To firinta ba ta da laifi, direba ma haka. Ki buɗe tagar sirri ta burauza, ki buga takardar saukar daga can."

Ta yi. Babu jinkiri, babu akwati, babu ƙwallo. Ta riƙe takardar mai kyau kamar yadda ya kamata ta fito tun ranar Asabar, idonta ya ciko.

"Ita ma lafiya. Me ke faruwa?"

"Akwai ƙananan manhajoji da ake liƙa wa burauza, ana ce musu ekstenshan. A tagar sirri ba sa aiki, shi ya sa. Ɗaya daga cikinsu ce take tare umarnin bugawa kafin ya kai ga firinta, ta ƙara tallarta. Ki buɗe jerinsu, ki riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya kina gwadawa."

Guda biyar ta samu. Ta kashe ta farko, talla ta fito. Ta biyu, haka. Ta uku wata ce mai alamar ƙwallo, wai ta kallon wasa kyauta. Tana kashe ta, takarda ta fito fes. Ni'imatu da ba ta san ko mutum nawa ke buga ƙwallo a fili ba, me zai haɗa ta da wannan? Ta goge ta gaba ɗaya.

Washegari da safe ta kunna kwamfuta, sai ga alamar ƙwallon ta dawo mazauninta.

"Na goge ta jiya, yau ta dawo. Ko aljanu ne?"

"Ba aljanu ba ne. Dubi saman burauza ta hannun dama. Asusun wa ke buɗe a wurin? In mutum ya shiga da asusunsa, duk abin da ya liƙa a wata kwamfuta yakan biyo shi."

Ta danna ɗan da'irar da ba ta taɓa kulawa da shi ba. Hoto ya buɗe: Abdulƙahhar ne, da baƙin tabarau, ya karkata hula.

Ta zauna, abubuwa suna dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar Juma'a ta bar shi a shago ta tafi gida, ta dawo ta same shi yana kallon ƙwallo a kwamfutarta. Ranar Asabar shi ya tsaya a kan firintar. Takarda talatin da bakwai sun bi ta hannunsa, kowace ya ninke ta ya sa a ambulan ya liƙe. Ba yadda za a yi a ce bai ga jan layin ba. Ya gani, ya gane daga inda ya fito, ya kuma ga hanyar da zai kawar da ɗan Maigatari, ko da mutuncin baffansa zai zube.

Ta yi ƙwafa. Amma wannan karon ba ta ɗauki murya ba, ta koyi darasi. Ta rubuta wa Nasrullahi: "Na zalunce ka. Ka yafe mini, Injiniyana." Ta ga alamar ya karanta. Bai amsa ba ranar, bai amsa ba washegari.

Ranar Laraba Abdulƙahhar ya shigo shago yana ƙamshi, ta tarbe shi da fara'ar da bai taɓa samu ba, har da ruwan sanyi.

"Yaya Abdul, Baba yana son a sake buga takardun nan a gabansa. Ka zo ka taya ni ɗaukar injin gobe bayan la'asar. Ka zo da Baffa ma, ai ka ce akwai maganar da yake son yi."

Ya washe baki. A ransa, an gama.

A zauren Malam aka ajiye kwamfuta da firinta a kan tabarma. Malam yana zaune, ƙaninsa Malam Cindo, mahaifin Abdulƙahhar, yana gefensa. Ni'imatu ta durƙusa. Tun da safe ta fitar da asusun Abdulƙahhar ta goge manhajar ƙwallon.

"Baba, na san ba ka yarda da abin da ba ka gani ba. Shi ya sa na kawo maka ka gani."

Ta buga takarda ɗaya ta miƙa masa. Ya juya ta gaba da baya, babu komai sai sunan ɗalibi da adon gefe.

"Wannan da manhajar da Nasrullahi ya saka na buga ta, na sa an maido da ita. Yanzu Yaya Abdul, zo ka shiga asusunka a nan."

Murmushinsa ya tsaya. "Asusuna kuma? Me ya kawo asusuna?"

"Shiga kawai. Ai ka saba."

"Na manta lambobin sirrin."

Malam Cindo ya dube shi. "Kai da ko a masallaci hannunka na kan waya? Shiga mu gani."

Ya matso yana gumi, ya danna. Ba a yi minti biyu ba alamar ƙwallo ta bayyana a saman burauza. Ni'imatu ta nuna wa Malam ita da yatsa, ta sake danna bugawa. Firinta ta yi shiru, ta yi gurnani, ta turo takarda. Ba ta taɓa ta ba, ta bar Malam ya zara da kansa. Jan layi, ƙwallo, tarin kuɗi.

Malam ya ajiye takardun biyu a gabansa ya daɗe yana kallonsu.

"Abdulƙahhar, wa ya sa takardun nan a ambulan?"

"Baba, ni ban lura ba..."

"Talatin da bakwai," in ji Ni'imatu a hankali. "Ko makaho ne ya ninke su sai ya ji a jikinsa."

Ya sunkuyar da kai. Da mahaifinsa ya daka masa tsawa, sai ga gaskiya tana fitowa guntu-guntu: shi ƙwallo kawai ya so kallo, bai san za ta shiga takarda ba, da ya gani kuma tsoro ya kama shi, sannan shaiɗan ya raya masa sauran. Malam Cindo ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa don kunya.

"Yaya, ka yanke masa duk abin da ka ga dama."

Malam ya juya ga 'yarsa. "Ke aka fi cuta bayan yaron nan. Me kike so?"

Ai kuwa ta kwana biyu tana shirya amsar. "Baba, takardun nan suna gida talatin da bakwai, kuma a kowane gida an san sunan Nasrullahi da mugun abu. Ina so Yaya Abdul ya bi su gida-gida da ƙafarsa, ya karɓo marasa kyau, ya ba da masu kyau, ya faɗa wa kowane uba da bakinsa wanda ya yi. Kada a aika kowa, kada a yi ta waya."

"Har Sule Tankarkar?" in ji Abdulƙahhar, murya kamar zai yi kuka.

"Har ƙauyukan bayanta," in ji mahaifinsa.

Da ta koma cikin gida ta ɗauki waya ta shiga zauren masu shaguna. Muryar da ta ɓata shi minti biyu da rabi ce, wadda ta wanke shi ta kai minti shida. Ta faɗi yadda aka gano matsalar daki-daki don kowa ya duba tasa burauzar, ta ce ita ce ta yi gaggawa, ta ce duk wanda ya janye aikinsa saboda maganarta ya mayar, alhakin yana wuyanta. Ba ta taɓa ba wa kowa haƙuri a bainar jama'a ba, sai da ta goge hawaye sau biyu kafin ta gama.

Can sai wayarta ta yi ƙara, saƙon Nasrullahi ne.

"Na saurara har ƙarshe. Sau uku."

"Ka huce?"

"Na so in ja miki rai har sati, don ki ji yadda ake ji. Na kasa. Ni'imata, kin iya faɗa, amma kin iya gyara."

"Kai ka koya mini. Ɗaya bayan ɗaya, har a gano mai laifi."

"To daga yau in na yi miki laifi, a fara bincike kafin hukunci."

"Na yi alkawari, Injiniyana. Amma in bincike ya tabbatar, ka shirya."

Kwana goma sha ɗaya Abdulƙahhar ya yi yana zagaye a kan aron babur. Gugar ta baje, turaren ya bi iska. A Gagarawa dattijon nan ya sa shi ya maimaita bayaninsa a gaban mutanen majalisa, wai kunnensa ba ya ji sosai. A Maigatari kuwa sai da ya tsaya a ƙofar shagon Nasrullahi ya nemi afuwa, mutanen kasuwa suna kallo. Nasrullahi ya ba shi ruwa ya ce ya wuce. Kowace yamma Ni'imatu takan karɓi takardun da ya dawo da su ta ƙirga, ba ta sassauta ba sai da ta ga ta talatin da bakwai a hannunta, sannan ta sa su a murhu gaba ɗaya. Ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Malam da kansa ya aika Maigatari cewa a turo magabata.

An ɗaura auren wata Asabar bayan sallar azahar, a ƙofar gidan da aka kori ango. Iyayen ɗaliban nan kusan duk sun zo, wasu ba a ma gayyace su ba, sun ce sun zo ne su ga yaron da suka zaga ba da haƙƙinsa ba. Kafin a fara siga Malam Ilu ya miƙe tsaye, abin da ba a saba gani ba, ya kamo hannun Nasrullahi.

"Jama'a, a nan na kori yaron nan a gabanku ban saurare shi ba. A gabanku nake neman ya yafe mini. Na bincika kamar yadda na ce zan yi, na kuma gani da idona. Ban san wanda ya fi shi cancantar 'yata ba."

Nasrullahi ya durƙusa, ya kasa cewa komai sai "Baba, Baba," hawaye na zuba a kan sabuwar shaddarsa. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, guɗa ta tashi daga cikin gida.

Ni'imatu tana ɗaki cikin ƙawayenta, lalle ya kama hannu ya yi jawur, saƙo ya shigo.

"An ɗaura, matata. Baba ya wanke ni a gaban kowa."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka, ta rubuta masa: "Yanzu na huce, mijina."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa albarka a sana'arsu, ya kuma tsare su daga sharrin mai gani ya yi shiru. Amin.